Tankin lita 54 da ya yi wata takwas yana fama da gansakuka: batun fitila da kabon

Yanda abin ya faro, watan Oktoba

Mai tankin ƙanwata ce, 'yar ƙanen babana, ma'aikaciyar jinya a wani asibiti a Kano. Ta daɗe tana kallon hotunan tankunan kifin nan na 'yan Japan a Instagram, wanda za ka ga ƙasan tankin ya rufe da ciyawa kore shar kaman an shimfiɗa darduma, sai ta ce ita ma fa sai ta yi irinshi a falonta. Ni na riga ta shiga harkar da 'yan shekaru, shi yasa duk abinda ya faru sai ta turo min hoto ta WhatsApp ta ce Yaya duba min, kuma daga waɗannan hotunan da abinda take rubutawa a wani ƙaramin littafi na haɗa wannan bayanin.

Tankin gilas ne, tsawo santimita 60, faɗi 30, zurfi 30, wato lita 54 kenan in an cika shi fal, amma bayan an zuba ƙasa da duwatsu da itace ruwan da ke ciki bai wuce lita 45 ba. Ruwan bohal take amfani da shi, ta gwada KH, wato ma'aunin sinadarin bayikabonet da ke narke a ruwa, ya nuna 5, pH kuma, ma'aunin tsamin ruwa, wajen 7.4. Filta ƙarama ce irin wadda ake ratayawa a bayan tanki. Kifi gofi (guppy), ƙananan kifin ado, guda 10.

Shukokin da ta siyo kala shida ne. Monte Carlo, shi ne na dardumar, asalinshi daga Ajantina. Rotala mai jan kai. Vallisneria mai dogon ganye kaman na albasa. Cryptocoryne wendtii 'yar Siri Lanka. Java fern. Sai Anubias, wadda da yawanmu ba mu san cewa 'yar gida bace, Anubias barteri a rafukan dazukan kudu maso gabashin Najeriya da Kamaru take fitowa, a maƙale jikin duwatsu ƙarƙashin inuwar manyan bishiyoyi, kuma sunan nata ma na Charles Barter ne, Baturen da ya yi aikin tattara tsirrai a yankin kogin Neja. Wannan maganar inuwa a riƙe ta, za ta dawo.

Fitila kuwa ba ta siyi ta tanki ba, a shagon kayan wuta ta ɗauko fitilar LED irin wadda ake haska tsakar gida da ita, wat 30, farin haske 6500K, kwalin ya rubuta lumen 2700, lumen shi ne ma'aunin yawan haske. Ta rataye ta santimita 10 a saman ruwa. Kabon, wato iskar CO2 da ake ƙara wa ruwa saboda shuka, babu ko ɗaya a lokacin. Wuta ta NEPA ce zalla a wannan soket ɗin, da taima irin mai juyawa ɗin nan mai haƙora.

Nuwamba zuwa Disamba: haske mai ƙarfi, ba kabon

Ta saita taima daga 7 na safe zuwa 9 na dare, awa 14, saboda tana so in ta dawo daga aiki ta tarar da tankin a haske. Sati biyu na farko komai lafiya lau. A sati na uku wata ƙura mai ruwan ƙasa ta fara kwanciya a gilas da ganye, wannan kusan kowane sabon tanki yana yinta kuma tana wucewa da kanta, na ce mata ta goge kawai. Sati na biyar ne gansakuka mai zare-zare ta fito, koriya, kaman gashi, ta nannaɗe Monte Carlo ɗin gaba ɗaya ta yanda in ka ja zaren sai shukar ta biyo shi ta tumɓuke. Ganyen ƙasa na Rotala suka fara zubewa, kan da ya kamata ya yi ja ya ƙanƙance ya murɗe.

Abinda ta fara zargi shi ne yunwa, ta ninka takin ruwa da take zubawa daga sau ɗaya a sati zuwa sau uku. Cikin kwana 6 ruwan ya koma kore kaman an dama kuka a ciki, ba ka hango bayan tankin. Muka yi abinda aka saba, aka kashe fitila aka lulluɓe tankin da bargo kwana 3 cur ba leƙe ba abinci, aka canza rabin ruwa. Ya washe. Kwana 10 bayan nan zaren ya dawo inda yake.

Akwai wani abu da ba mu lura da shi ba sai a ƙarshen Disamba. Taima mai juyawa mota ce a cikinta, in an ɗauke wuta tsayawa take yi, in an kawo sai ta ci gaba daga inda ta tsaya. To in an ɗauke awa 5 yau an ɗauke awa 7 gobe, lissafinta ya goce kenan, har ta kai wata rana ta tashi sallar asuba ta tarar da fitila a kunne, da rana tsaka kuma tana kashe. Wasu ranaku tankin ya sha haske awa 4, wasu kuma ya sha na fitila da daddare ya haɗa da na taga da rana.

Shuka ɗaya ce kawai ta ji daɗin wannan lokacin, Vallisneria, sai 'ya'ya take fitarwa ta ko'ina.

Janairu zuwa Fabrairu: gorar yis

Nan ne na yi mata bayanin kabon. Shuka in ka busar da ita ka auna, sama da kashi 40 cikin 100 na nauyinta kabon ne, kuma daga iskar CO2 take samo shi. Shukar da ke tudu ba ta da damuwa, iska na kaɗawa tana kawo mata. A cikin ruwa kuwa CO2 ɗin kaɗan ne, tankin da ba a ƙara mishi komai bai wuce 'yan miligiram biyu uku a lita ba, sannan tafiyar iskar a ruwa ta fi ta sarari nawa da kusan ninki 10,000. Masu tankin darduma suna ɗura gas har ya kai wajen miligiram 30 a lita.

Da yake silindar gas ɗin ba abin da za a siya da gaggawa bane, sai ta haɗa na gida. Gorar lemo mai lita 2, suga kofi 2, yis na burodi rabin ƙaramin cokali, ɗan bekin soda, ruwa mai ɗumi har kusa da wuyan gora. An huda murfi an sa siririn tiyo, ya bi ta wata ƙaramar gora mai ruwa wadda ke tare dattin yis kuma a nan ake ƙirga kumfa, sannan ya shiga tanki ta wani dutse mai fasa kumfa. Ta kuma sayi dirof-ceka, 'yar kwalbar nan da ake mannawa a jikin gilas daga ciki, ruwan cikinta shuɗi ne in kabon ya yi kaɗan, kore in ya kai wajen 30, rawaya in ya yi yawa, sai dai tana makara da awa ɗaya zuwa biyu kafin ta nuna gaskiyar abinda ke ruwan. Awannin fitila aka rage zuwa 10, fitilar kanta ba a taɓa ba.

Kwana na uku da sa gorar ta kira ni da murna, wai Yaya ganye na fitar da lu'ulu'u. Ƙananan kumfan iskar shaƙa ne suke taruwa a ƙarƙashin ganyen Rotala suna tashi ɗaya bayan ɗaya, duk wanda ya taɓa gani ya san daɗin kallon abin. Monte Carlo ya fara miƙa sabbin rassa a gefe.

Ga abinda littafinta ya nuna na gorar farko. Kwana 2 zuwa 5, kumfa ɗaya duk daƙiƙa 2 da rana. Kwana 6 zuwa 10, ɗaya duk daƙiƙa 5. Daga kwana 12 sai ka tsaya ka jira kafin ka ga ɗaya. Kuma lokacin hunturu ne, ruwan tanki da asuba yana sauka digiri 20 zuwa 21, gorar tana ƙasa a kan tayil mai sanyi, to da safe lokacin da fitila ta kunnu yis ɗin ya yi lakwas, sai wajen azahar yake farfaɗowa. Dirof-ceka shuɗi da safe, kore da la'asar, mako na biyu kuma shuɗi duk yini. Ta nannaɗe gorar da tsohon tawul, ya ɗan taimaka. Ta koma gora biyu tana canza ɗaya duk sati, shi ma ya ɗan daidaita abin amma ranakun da take aikin dare sau da yawa canjin yana wucewa da kwana biyu uku.

A tsakiyar Fabrairu wata sabuwar gansakuka ta bayyana, baƙa, gajera, tuntu-tuntu kaman gemu, a gefen ganyen Anubias da Java fern da bakin filta. Wannan ba ta goguwa, ko da farce ka kankare sai ka yaga ganyen. Ganyen Anubias ɗin da ke saman itace daidai ƙarƙashin fitila su suka fi cika da ita, guda biyun da ke ɓoye a bayan dutse ko ɗigo babu.

Maris zuwa farkon Afrilu: bazara, da daren da kifi suka mutu

Da zafi ya shigo sai lissafin ya juye. Garin na kaiwa 40 da rana, ruwan tanki 30 zuwa 31 kuma ko da dare baya sauka sosai. Yis yana son ɗumi, gorar da a hunturu take jan sati biyu yanzu kwana 7 ta ƙare, amma kwanakin farko kumfa ba ta ƙirguwa, tsiyaya kawai take yi.

A satin farko na Afrilu ta haɗa sabbin gorori biyu rana ɗaya saboda duka sun mutu tare, ta tafi aikin dare. An ɗauke wuta tun wajen 10, filta ta tsaya, saman ruwa ya kwanta lif ba motsi. Gorar yis ba ruwanta da NEPA, ba ta da makunni, ta ci gaba da turo gas har gari ya waye. Da dare shuka ba ta shan kabon, ita ma iskar shaƙa take ja kaman kifin. Sannan ruwan ɗumi dama baya riƙe iskar shaƙa da yawa, a digiri 20 yana ɗaukar wajen miligiram 9 a lita, a digiri 30 kuwa 7.5 ne iyakarshi. Ƙarfe 8 na safe ta shigo ta tarar da kifin duk sun taru a sama suna haki baki a buɗe, guda 3 a kwance a kan ƙasa, dirof-ceka rawaya fat. Ta zare tiyon, ta canza rabin ruwa, ta zauna tana ɗiban ruwan da kofi tana zubowa daga sama kusan minti 20 har sauran 7 suka dawo hayyacinsu.

Da ta kira ni muryarta a shaƙe take. Ta ce Yaya ni da nake kwana ina duba numfashin mutane, na bar nawa a gida ba numfashi. Daga ranar ba ta ƙara haɗa gora ba, ni ma ban ce ta haɗa ba.

Afrilu zuwa tsakiyar Mayu: kabon na kwalba

Sai aka koma wanda ake kira kabon na ruwa, ta samo Seachem Flourish Excel. Tana buɗe murfin ta ce ai ta san warin nan. Gaskiyarta, irin waɗannan magungunan a kan sinadarin gulutaraldehaid aka gina su, dangin wanda ake jiƙa kayan aikin asibiti a ciki don kashe ƙwayoyin cuta. Har ta tambaye ni ko za a iya tsarma na asibiti a yi amfani da shi tunda ya fi sauƙin samu, na ce a'a sam, ƙarfinsu ba ɗaya ba kuma akwai wasu abubuwan da ake haɗa mishi.

Ma'aunin kullum da ke jikin kwalbar mililita 5 ne ga lita 200, nata ya kama mililita 1 da ɗan ɗoriya, da sirinji take aunawa kowace safiya. Fitila dai tana nan yanda take, awa 10.

Cikin kwana 9 Vallisneria ta narke, ganyen suka zama kaman an tafasa su, suna sulɓewa in an taɓa, dama an san ta da rashin jure wannan maganin. Ita kaɗai ce shukar da ba ta taɓa ba da matsala ba, aka rasa ta. A ɓangaren baƙar gansakuka kuwa ya yi aiki sosai, musamman da ta koyi kashe filta na minti 10 ta tsiyaya ma'aunin ranar kai tsaye a kan gemun da sirinji, kwana biyu uku sai ka ga ya koma ja-ja sannan fari ya zube. Zaren kore ma ya ragu. Amma dirof-ceka shuɗi ne kullum don maganin ba gas bane, ganye bai sake yin lu'ulu'u ba, Monte Carlo kuma ya ci gaba da yin rawaya yana tashi faci-faci, kuma duk ganyen Anubias da aka wanke sati biyu gemun ya dawo a gefenshi.

A nan muka zauna muka yi maganar silinda da gaske. Ana buƙatar silindar CO2, ko ta kashe gobara mai kilo 2 wasu na amfani da ita, da regiuleta mai rage matsin gas ɗin, da bawul mai aiki da wuta wanda ke rufewa da kanshi in an ɗauke wuta, wannan kam ya fi gorar yis aminci nesa ba kusa ba. Abinda ya tsayar da ita uku ne. Kuɗin kayan, sai zirga-zirgar neman inda za a cika, sai zafi, don matsin da ke cikin silindar dama ya kusa 60 a ma'aunin matsi na bar a ɗaki mai sanyi, kuma daga digiri 31 zuwa sama gas ɗin baya zama ruwa a ciki, matsin hawa yake yi da sauri, ita kuma falonta a rufe yake yini a bazara. Ta ce a bari tukun.

Ƙarshen Mayu zuwa Yuli: an sauke fitila

Satin ƙarshe na Mayu aka cire fitilar tsakar gidan. Aka sa siririyar LED mai wat 10, lumen 900 a kwali, 6500K ita ma, santimita 20 a saman ruwa. Aka siyi taima ta dijital mai ɗan batiri a ciki wadda ba ta mance lokaci, aka ja waya daga ƙaramar inbatar gidan zuwa fitila da filta, su biyun tare ba su kai wat 20 ba. Haske daga 4 na yamma zuwa 10 na dare, awa 6, daidai lokacin da take gida tana kallo. Taga aka sa mata labule mai kauri.

Monte Carlo aka kwashe shi duka, wannan ne ya fi mata ciwo, ta ɗau kwana biyu kafin ta yarda. Gaban tankin aka bar shi da farin yashi. Rotala aka bar reshe 5 a tsakiya. Aka ƙaro Cryptocoryne guda 6 aka tura musu ƙwayar taki a gindi. Anubias aka yanke duk ganyen da gemu ya ci, aka sauko da ita daga saman itace aka ɗaure ta da zare a gefen dutse, ba a binne karan nata ba don kwance yake kaman na citta, in ka rufe shi da ƙasa ruɓewa yake.

Sai kainuwa. Wannan daga wani kududdufi a bayan gari aka ɗebo, ta wanke ta sosai ta ajiye a bokiti sati biyu tana canza ruwa saboda ƙwari da ƙwan dodon koɗi, sannan ta sa ƙanana guda 4 a cikin zoben tiyo don kar su rufe saman gaba ɗaya. Kabon na kwalba ta ci gaba da mililita 1 na sati uku, ta koma rana bi rana, ƙarshen Yuni ta daina. Taki sau ɗaya a sati, rabin ma'auni. Canjin ruwa lita 15 duk Asabar. Ƙaramar fanka mai USB tana hura saman ruwa, tana sauke zafin da wajen digiri 2.

Sati biyu na farko ba abinda ya canza a ido, har ta fara cewa anya. Sati na uku ta goge gilas, ya kai kwana 7 bai yi kore ba, da can kwana 2 ne. Sati na huɗu Anubias ta fito da sabon ganye tas ba gemu. Sati na shida zaren kore ya ƙare, aka ƙara haske zuwa awa 7. Zuwa ƙarshen Yuli Anubias ganye 4 sababbi, Cryptocoryne sun cika gefen hagu, Rotala ta miƙe amma koriya ce ba ja ba, kainuwa duk sati sai an kwashe rabi an zubar. Gofi 7 ɗin nan sun hayayyafa har ta fara rabawa 'yan uwa.

Abinda na gani a ciki

A ganina fitilar farko ita ce tushen komai, kuma tun Nuwamba ya kamata in sa a sauke ta maimakon in kawo maganar yis. Kamfanin Tropica na Denmak, masu noman shukokin ruwa, suna da ma'auni mai sauƙi, lumen 10 zuwa 20 a kowace lita ga shukoki masu sauƙin kai, 20 zuwa 40 ga matsakaita, sama da 40 ga masu wuya. Raba 2700 da 54, ya ba ka 50. Wato ta kunna hasken tankin ƙwararru a kan ruwan da ba kabon. Haske shi ke tsara saurin da shuka za ta yi aiki, in ya yi ƙarfi sai ta buƙaci kabon da yawa, in babu sai ta tsaya ta raunana ganye ya fara lalacewa, gansakuka kuma ɗan kaɗan ya ishe ta. Sabuwar fitilar 900 a kan 54 ta kama wajen 17, a wannan matakin ɗan kabon da numfashin kifi da ruɓewar datti ke bayarwa yana kusan isar Anubias da Cryptocoryne da Java fern.

Vallisneria ta yi kyau a farko ne don tana iya ciro kabon daga bayikabonet ɗin da ke ruwan bohal, abinda Monte Carlo baya iyawa sosai. Kainuwa kuma ganyenta a sarari yake, daga iska take shan nata kabon, shi yasa take girma da gudu tana tsotse ragowar taki tana kuma yi wa na ƙasa inuwa, irin inuwar da Anubias ta saba da ita a rafin da ta fito.

Gorar yis tana ba da gas na gaske, mun ga lu'ulu'u da idonmu, matsalarta rashin tsayawa a ma'auni ɗaya, kuma baƙar gansakuka an san ta da tankin da kabon ɗinshi ke hawa da sauka. A ɗakin da zafinshi ke tsaye wuta kuma ba ta yankewa mutane na cin moriyarta. A falon da ruwa ke 20 a Janairu 31 a Afrilu, filta kuma na iya tsayawa tsakar dare, ba zan sake ba wa kowa shawararta ba sai in zai cire tiyon kowane dare da hannunshi. Kabon na kwalba kuma na ɗauke shi maganin gansakuka ne mai ɗan amfani ga shuka, ya yi mana aikin share gemu, amma bai ɗauki nauyin lumen 50 a lita ba kuma ba zai ɗauka ba. Damina ma ta taimaka a Yuni da Yuli da ta sauke zafin ruwan zuwa 27.

Dardumar dai har yanzu tana ranta. Ta ce in ta haɗa kuɗin silinda da regiuleta mai bawul za ta sa wani ƙaramin tanki daban a ɗakin da ya fi sanyi, ba kifi a ciki sai ta ga dirof-ceka ya tsaya kore sati biyu a jere. Wannan na falon kuwa ta ce kar wanda ya taɓa mata fitilarshi.